Mista Wong, Basinen da Bature ya fito a matsayinsa: tambayoyi da amsoshi kan wani tsohon fim na 1938

Duk wanda ya taɓa shiga YouTube yana laluben tsofaffin fina-finan Amurka marasa kala, da wuya a ce bai ci karo da wani dogon mutum mai baƙin gashi a kwance luf, da idanu a ɗan tsuke, ana ce masa Mista Wong ba. Fim ɗin da ya fara fitowa a ciki shi ne Mr. Wong, Detective. Sau uku na kalle shi, kuma kusan duk wanda na tura wa sai ya dawo mini da tambayoyi kusan iri ɗaya. Ga su nan na tattara tare da amsoshin da nake bayarwa. Akwai inda zan tona wanda ya yi kisan, amma zan ja kunne kafin mu kai wurin.

Wane irin fim ne, kuma su wa suka yi shi?

Fim ne na binciken kisan kai, wanda kamfanin Monogram Pictures ya fitar a watan Oktoban 1938. Tsawonsa minti 69, wato kafin ka gama gyara zama an kusa rabi. William Nigh ne darakta, Houston Branch ya tsara labarin. Jarumin shi ne Boris Karloff, mutumin da duniya ta sani da fitowa a dodon Frankenstein a 1931. Grant Withers ya fito a Kyaftin Street na 'yan sanda, Maxine Jennings kuma sakatariyar mamacin, wadda ita ce budurwar kyaftin ɗin. An kafa labarin ne a birnin San Faransisko na jihar Kalifoniya, inda unguwar Sinawa mafi tsufa a Amurka take.

Na ji an ce ɗan China ne jarumin. Akwai faɗa ke nan?

Babu. Gara in faɗa tun yanzu kada wani ya ƙone datarsa a banza.

Ranar da na kalle shi karo na biyu, ƙanena yana gefena muna kallo a waya ɗaya. Da ya ji na ce jarumin ɗan China ne sai ya matso da kujerarsa. Aka yi minti 10, aka yi 20, Mista Wong yana durƙushe a ofis yana tsince ɓarɓashin gilashi a ƙasa yana adanawa kamar wanda ya tsinci zinariya. Can sai yaron ya ɗago ya ce, "Yaya, wai yaushe za a fara dukan?" Na ce masa ai an gama, wanda za a kashe ya riga ya mutu. Ya miƙe ya yi tafiyarsa.

Ban ga laifinsa ba. A wurinmu in aka ce fim ɗin Chanis, tsalle da ƙafa da ihu ke zuwa a rai. Amma wannan ya girme wancan zamanin nesa ba kusa ba. Shi kansa Bruce Lee ba a haife shi ba sai a watan Nuwamban 1940, shekara biyu bayan fitowar fim ɗin, kuma abin mamaki a San Faransiskon nan aka haife shi. Makamin Mista Wong bai wuce natsuwa da lura ba.

To mene ne labarin, ba tare da an ɓata mini kallo ba?

Wani attajiri mai kamfanin sinadarai, Simon Dayton, ya je gidan Mista Wong da dare a firgice, ya ce ana farautar ransa. Suka yi alkawarin haɗuwa a ofishinsa da safe. Kafin Wong ya iso, abokan kasuwancinsa biyu, Meisle da Wilk, sun sa shi ya rattaba hannu a wata yarjejeniya: duk wanda ya mutu a cikinsu, hannun jarinsa ya koma ga waɗanda suka rage. Suna fita sai ga wani dattijon masanin kimiyya, Carl Roemer, ya kutso da bindiga yana ihun an cuce shi, an kwashe sirrin haɗin da ya ƙirƙiro ba a ba shi haƙƙinsa ba. Dayton ya kira 'yan sanda, ya kulle kansa a ofis. Motarsu ta iso, har an hange shi a tsaye a bakin taga da ransa. Kafin su hau bene su buɗe ƙofa, ya zama gawa. Ba harbi, ba sara, ba wanda ya shiga, ba wanda ya fita.

Kyaftin Street bai ɓata lokaci ba ya damƙe dattijon. A gefe kuma ga wasu baƙin haure uku, maza biyu da wata mace mai kiran kanta da sarautar Turai, suna bibiyar kayan da kamfanin ke shirin lodawa a jirgin ruwa. Kayan nan iska ce mai guba, irin ta yaƙi. Abin da Wong ya samu a ɗakin ɓarɓashin wani siririn gilashi ne kawai, kuma daga nan zaren ya fara warwara.

Daga ina aka samo wannan Mista Wong ɗin?

Daga mujalla. Wani marubucin Amurka, Hugh Wiley, ya fara buga gajerun labaran James Lee Wong a mujallar Collier's a 1934. A rubuce, Wong jami'in Ma'aikatar Baitulmalin Amurka ne, ya yi karatu a jami'ar Yale, yana zaune a San Faransisko. Da aka zo fim sai aka mai da shi mai bincike mai zaman kansa wanda 'yan sanda ke neman shawararsa, a gida ya sa doguwar riga irin ta Sinawa, in zai fita ya tsuke cikin kwat.

Ba shi ne Charlie Chan ba?

A'a, amma da bazar Chan yake rawa. Ba don Chan ba da babu shi.

Charlie Chan ƙirƙirar Earl Derr Biggers ne, ya fara bayyana a littafi a 1925, ɗan sandan ciki ne a birnin Honolulu na tsibirin Hawai. A can an yi wani ɗan sanda Basine na gaske mai suna Chang Apana, wanda ya yi suna da yawo da bulala maimakon bindiga, kuma labarinsa na cikin abin da ya zaburar da marubucin. Kamfanin Fox ya ɗauki Chan ya mai da shi saniyar tatsa: Warner Oland, ɗan asalin Suwidin, ya fito a matsayinsa sau 16 tsakanin 1931 da 1937. Da Fox ya ga kasuwa ta buɗe sai ya ƙara da Mista Moto, mai bincike ɗan Japan, wanda Peter Lorre ya fito a matsayinsa sau 8.

Oland ya rasu a watan Agustan 1938. Wata biyu bayan haka Mista Wong ya shigo kasuwa. Monogram ya ga maƙwabci na cin riba da wata haja, shi ma ya kasa tasa a gefen titi da rahusa.

Bambancin da kunne zai fara ji shi ne magana. Chan yana magana da karyayyen Turanci, yana zuba karin magana da ake jingina wa Sinawa, galibinsu kuwa marubutan Hollywood ne suka ƙaga su. Wong Turancinsa tsaf, a hankali, irin na mutanen Ingila, ba ya wasa da karin magana sosai. Ni dai a nan na fi son Wong. Aƙalla ba a mai da bakinsa abin dariya ba.

Me ake nufi da cewa fim ɗin na ƙaramin jari ne?

A shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, gidajen sinima sun ɓullo da dabarar nuna fim biyu da tikiti ɗaya don jawo 'yan kallo. Na farko babban fim ne mai manyan taurari, na biyun kuma cikon benci. Akwai ƙananan kamfanoni da sana'arsu ke nan, samar da cikon bencin, har aka yi musu laƙabi da sunan da za a iya fassarawa Layin Talauci. Monogram na cikin manyansu. An kafa shi a 1931, ya narke cikin kamfanin Republic a 1935, ya sake tsayawa da ƙafarsa a 1937, daga baya a 1953 ya koma Allied Artists.

Lissafin kasuwar mai sauƙi ne. Babban fim yakan karɓi kaso daga kuɗin tikiti, ƙaramin kuwa yawanci kuɗin haya tsayayye ake biyansa, ko sinima ta cika ko ta kwana wayam. Tunda an san abin da zai shigo, riba tana wurin rage abin da zai fita. Shi ya sa ake ɗaukar irin waɗannan fina-finai cikin mako ɗaya zuwa biyu. Misalin da ya fi fito da tazarar shi ne na Chan kansa: a Fox ana kashe wa fim ɗaya kimanin dala 200,000, da ya koma hannun Monogram a 1944 sai kuɗin ya sauko zuwa wajen dala 75,000.

Kada wannan ya sa a raina su. Jean-Luc Godard, fitaccen daraktan Faransa, da ya yi fim ɗinsa na farko mai tsawo a 1960, ga Monogram ya sadaukar da shi.

A ina mai kallo zai ga alamar arhar?

Ƙirga ɗakuna. Ofishin Dayton, falon Wong, ofishin 'yan sanda, gidan Wilk, sai 'yan wurare kaɗan. Kusan komai a cikin ɗaki yake faruwa, domin fita waje da kyamara kuɗi ne. An ce mana San Faransisko muke, amma birnin da kyar za ka gan shi. Kyamarar a kafe take mafi yawan lokaci, mutane su shigo su jeru a gabanta kamar masu ɗaukar hoton biki, kowa ya faɗi nasa, a yanke. Abin da babban kamfani zai nuna maka da ido, a nan sai wani ya shigo ya ba ka labarinsa da baki.

Wata alamar kuma tana jikin 'yan wasan. Matar nan mai sarautar bogi, Evelyn Brent ce, wadda shekara 10 kafin nan tauraruwa ce ta gaske a zamanin fina-finai marasa sauti, ta ja manyan fina-finan darakta Josef von Sternberg a 1927 da 1928. Ƙananan kamfanoni nan ne masaukin waɗanda tauraronsu ya fara dusashewa, da kuma waɗanda nasu bai riga ya haska ba. John Hamilton, wanda ya fito a Dayton ya mutu tun farkon fim, shi ne daga baya ya zama editan jarida Perry White a shirin Superman na talabijin a shekarun 1950.

Me ya kai babban tauraro irin Karloff wannan ƙaramin kamfani?

Rashin kasuwa. Daga 1936 fina-finan ban tsoro suka yi kwantai, musamman da hukumar tace fina-finai ta Birtaniya ta matsa musu, har kamfanin Universal ya dakatar da yin su. Mutumin da dodo ne abincinsa sai ya koma karɓar abin da ya samu. Ya sa hannu da Monogram kan fim shida. Bai daɗe da yin haka ba sai aka sake haska tsofaffin Dracula da Frankenstein tare a 1938, jama'a suka yi dafifi, kasuwar dodanni ta farfaɗo, ya koma ya yi Son of Frankenstein a 1939. Amma alkawari kaya ne, sai da ya sauke na Monogram.

Tambayar da ta fi damuna: me ya sa Bature zai fito a Basine? Babu Sinawa a Amurka ne?

Akwai su, har a cikin fim ɗin nan. Mai yi wa Wong hidima a gida Basine ne na gaske. Tsarin ke nan a lokacin: bara da direba da mai wanki a ba ɗan Asiya, jarumi kuwa a ɗauko Bature a ja masa fatar ido a shafa masa kwalliya.

Karloff sunansa na yanka William Henry Pratt, an haife shi a Landan a 1887, ya yi ƙaura zuwa Kanada a 1909 kafin ya gangaro Amurka. Yana da jinin Indiya a danginsa, amma ba shi da haɗi da ƙasar Sin ko na anini. Kuma ba wannan ne karonsa na farko ba. A 1932 ya fito a Fu Manchu, mugun Basinen da ke son hallaka Turawa, fim ɗin da ya ɓata wa gwamnatin Sin rai. A 1937 ya sake fitowa a wani madugun yaƙi na Sin.

Dalilin da kamfanoni ke bayarwa shi ne suna ke sayar da tikiti, kuma babu ɗan Asiya mai sunan. Sai dai wannan hujja ce mai cin wutsiyarta: ta yaya mutum zai yi suna in ba a taɓa ba shi babban matsayi ba? Anna May Wong, haifaffiyar Los Anjeles, ta yi suna har Turai, amma da aka zo yin The Good Earth na 1937, labarin manoman Sin, sai aka ba Luise Rainer, haifaffiyar Jamus, matsayin matar, har ta ci kyautar Oscar da shi.

A tuna kuma da ƙasar da ake ciki. Tun 1882 Amurka ta kafa dokar hana ma'aikata Sinawa shigowa, ta kuma haramta wa Sinawan da suka yi ƙaura zama 'yan ƙasa. Ba a soke dokar ba sai a 1943, lokacin da Sin ta zama ƙawar Amurka a yaƙi da Japan, kuma ko a nan mutum 105 kacal aka yarda su shigo a shekara. Wato a ranar da 'yan kallo ke tafa wa Mista Wong, Basine na gaske da aka haifa a Sin ba shi da ikon zama Ba'amurke.

Maganar tana da wata fuskar, kuma adalci ne a faɗe ta. A zamanin da Basine a fim ko dai mugu ne ko bara, sai ga wanda ya fi kowa hankali a ɗakin, Turawa na jiran ya yi magana. Fina-finan Chan sun karɓu a ƙasar Sin kanta, Oland ya ziyarci Shanghai a 1936 aka yi masa tarba ta girma, har kamfanonin can suka riƙa yin nasu Chan ɗin. Duk da haka jikokin waɗancan Sinawan Amurka da yawa ba su ga abin alfahari a ciki ba. A 2003 wata tashar Fox ta janye shirin haska jerin fina-finan Chan bayan ƙorafin ƙungiyoyin Amurkawa 'yan asalin Asiya. Mu da muka san yadda tsofaffin fina-finan Turawa ke nuna baƙar fata, ba sai an yi mana dogon bayani kan wannan ciwon ba.

Shi Karloff ɗin ya iya?

A matsayin mai bincike, ƙwarai. A matsayin Basine, ko kusa. Dogo ne, muryarsa ta Ingila ce, kwalliyar idon kuma ba ta ruɗar ko yaro. Abin da ya cece shi shi ne bai yi ƙoƙarin kwaikwayon harshen kowa ba. Yana magana a tausashe, yana saurare fiye da yadda yake faɗa, in ɗan sanda ya yi shirme sai ya yi ɗan murmushi ya bar shi. Bayan minti 15 na daina ganin Basine ko Bature, na koma ganin Karloff kawai yana aikinsa cikin kwanciyar hankali.

Me ya sa Kyaftin Street ke ta ihu haka?

Aikin da aka ɗauke shi ke nan. A irin waɗannan fina-finai dole a samu ɗan sanda mai saurin kamu da saurin fushi, don natsuwar jarumi ta fito fili. Street yana kama mutum kafin ya yi tunani, yana daka wa shaidu tsawa, yana faɗa da budurwarsa. Wani lokaci abin dariya ne, wani lokaci sai ka rage sauti.

To, wa ya yi kisan, kuma ta yaya? (Wanda bai kalla ba ya tsallake wannan da ta bayanta.)

Dattijon nan ne, Roemer. Wanda aka kama tun farko, wanda kowa ya tausaya wa, wanda mai kallo ya cire daga lissafi saboda ya san a fim ba a kama mai laifi a minti na 15.

Ya hura wasu ƙananan ƙwallaye na gilashi marasa kauri, ya cika su da iskarsa mai guba, ya ɓoye a ɗakunan mutanen da suka cuce shi. Gilashin an yi shi ne yadda wani kaifin sauti zai tarwatsa shi. Sautin kuwa jiniyar motar 'yan sanda ce. Shigowar da ya yi da bindiga yana ihu duk shiri ne: so yake Dayton ya tsorata ya kira 'yan sanda. Dayton ya ɗaga waya da hannunsa, ya kulle ƙofa da hannunsa, ya tsaya a taga yana jin jiniya na matsowa yana ganin ceto ne ya iso, alhali ajalinsa ne ke tahowa da gudu. Daga nan duk inda motar Street ta dosa da jiniya, gawa take tararwa, shi kuwa mai kisan yana tsare a hannun hukuma, babu mai shaidar da ta fi tasa ƙarfi.

Wannan dabarar ce ta sa na kalli fim ɗin har sau uku. A kallo na biyu, da ka ji jiniya ta taso daga nesa sai gabanka ya faɗi, domin ka riga ka san abin da mutumin cikin ɗakin bai sani ba. Kuma ka lura da hikimar talaka: makamin kisan bai ci wa kamfanin komai ba, ƙwallon gilashi ne da ƙarar da kowane fim ɗin 'yan sanda ke da ita a ajiye. Baƙin hauren nan uku da aka cika mana ido da su, ƙura ce kawai aka tayar.

Sauti zai iya fasa gilashi da gaske?

Zai iya. Ɗauki kofin gilashi mara kauri ka ɗan ƙwanƙwasa shi da cokali, za ka ji wani amo. Wannan ne amonsa na kansa. In aka dage ana buga masa sauti daidai da wannan amon da ƙarfi sosai, sama da desibel 100 a ma'aunin ƙarfin sauti, bangonsa zai yi ta karkarwa har ya tsage. Jiniya kuma tana hawa tana sauka, don haka tana iya bi ta kan amon da ake bukata.

Inda labarin ya yi rauni shi ne nisa. Jiniyar tana titi, gilashin yana bene a cikin ɗaki. Sannan San Faransisko ba motar Street kaɗai ke da jiniya ba: motar kashe gobara ko ta asibiti in ta gifta, da wani ya mutu ba a ranarsa ba. Marubucin ya yi fatan ba za ka yi wannan tunanin ba sai ka isa gida.

Me ya sa aka zaɓi iska mai guba?

Domin a 1938 ita ce abin da mutane ke mafarkin tsoro da ita. Waɗanda suka ga yaƙin duniya na farko suna nan da ransu, sun san abin da ya faru a Ypres ta Beljiyam a watan Afrilun 1915, da Jamus ta saki iskar kulorin a kan sojoji. An sa hannu a yarjejeniyar Janiba ta 1925 da ta haramta amfani da ita a yaƙi, amma hakan bai hana Italiya zuba wa Habasha guba daga jiragen sama a 1935 da 1936 ba. A watan Satumban 1938, wata ɗaya kafin fitowar fim ɗin, gwamnatin Birtaniya na raba wa jama'arta miliyoyin abin rufe fuska saboda fargabar yaƙi da Hitler. Ɗan kallon da ya ji ana maganar jirgin ruwa maƙare da guba zai tafi wata ƙasa, ya san ba tatsuniya ake masa ba.

Fina-finan Wong nawa ne gaba ɗaya?

Shida. Bayan na farko sai The Mystery of Mr. Wong da Mr. Wong in Chinatown a 1939, sannan The Fatal Hour da Doomed to Die da Phantom of Chinatown a 1940. Karloff ya yi biyar na farko, ya cike alkawarinsa na shida da wani fim na ban tsoro. Daga na uku aka shigo da Marjorie Reynolds a matsayin 'yar jarida mai shisshigi, ita da Street suka riƙa cinye lokaci da cacar baki har Wong ya fara zama kamar baƙo a gidansa.

Monogram ba ya zubar da komai. Da Chan ya shigo hannunsa, sai ya karkaɗe tsofaffin labaran Wong ya sauya suna: Mr. Wong in Chinatown ya zama The Chinese Ring a 1947, wannan namu kuma ya zama Docks of New Orleans a 1948, duka da Roland Winters a matsayin Chan. Wanda aka ƙirƙiro don ya kwaikwayi Chan, ƙarshe Chan ne ya gaji kayansa.

An taɓa ba Basine na gaske matsayin?

Sau ɗaya, a fim na shida. Keye Luke, wanda aka haifa a Guangzhou a 1904 ya tashi a Seattle, asalinsa mai zane ne kafin ya shiga wasa, kuma 'yan kallo sun san shi a matsayin babban ɗan Charlie Chan tun 1935. A Phantom of Chinatown aka ba shi jarumi, aka mai da Wong matashi ana ce masa Jimmy. Labarin wani masanin tarihi ne da ya dawo daga hamadar Mongoliya da wata tsohuwar takarda da ya ɗauko a kabari, aka sa masa guba yana tsakiyar lacca. Lotus Long ce jarumar.

Fim ɗin yana da wani ɗan yaji da sauran ba su da shi. Akwai inda ake maganar tone kaburburan sarakunan Sin kamar ba komai ba, sai aka juya wa Turawan tambayar: yaya za su ji in Sinawa suka zo tono ƙasusuwan George Washington, shugaban Amurka na farko? Daga bakin Karloff wannan zancen ba zai yi nauyin da ya yi ba.

Daga wannan fim aka rufe jerin. Luke ya ci gaba da aiki har tsufa, ya fito a makahon malami a shirin Kung Fu na talabijin daga 1972, da dattijon mai shago a Gremlins na 1984, ya rasu a 1991. Har ƙarshen rayuwarsa yana kare fina-finan Chan, yana ganin sun nuna Basine a matsayin gwarzo a lokacin da babu mai yin haka.

A ina zan kalla, kuma me ya sa yake kyauta?

Yana YouTube da Internet Archive, wani rumbun adana tsofaffin abubuwa a intanet. A tsohuwar dokar Amurka haƙƙin mallakar fim shekara 28 ne, sai an sabunta kafin a ƙara. Fina-finan ƙananan kamfanoni da yawa babu wanda ya damu ya sabunta musu, sai suka zama na kowa. Illar hakan ita ce kowa na kwafa daga kwafin wani. Na farkon da na samu, fuskoki sun yi fari fat kamar an watsa musu gari, ga wani shuu a ƙarƙashin magana kamar ana ruwan sama a kan kwano. Ka gwada biyu ko uku kafin ka zauna, kuma ka sa abin ji a kunne, tunda a wannan labarin kunne ya fi ido aiki.

Za a iya kallo da yara?

Za a iya. A wancan zamanin, tun daga 1934, Hollywood na ƙarƙashin tsauraran ƙa'idojin tace fim, don haka babu jini, babu tsiraici, babu ashar, kuma dole mai laifi ya gamu da sakamakonsa. Mutum zai dafe ƙirji ya faɗi, shi ke nan. Sigari dai ana sha. Matsalar ɗaya ita ce ko yaran za su zauna, ka dai ji yadda muka ƙare da ƙanena.

In guda ɗaya zan kalla, wanne?

Na farkon, saboda dabarar kisan. In ka samu wata awa ɗaya, ka bi shi da Phantom of Chinatown a dare guda, ka ga Street ɗin nan dai, Grant Withers, yana tsaye kusa da Wong biyu mabambanta. Na tsakiyar huɗun sai wanda abin ya shiga ransa; a cikinsu The Mystery of Mr. Wong, mai labarin wani dutse mai daraja da aka sato daga Sin, ya fi sauran tsari.